FASHIN BAƘI: Yadda ake zaɓen sifika a Kamba ba tare da an biya kuɗin lambar jikin kwali ba

Duk wanda ya leƙa rumfunan masu kayan wuta a Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi a Jihar Kebbi, zai tarar da abin da ake gani a sauran kasuwannin Arewa: kwalayen sifiku jere, kowanne da lambarsa ɓaro-ɓaro, wannan wat dubu uku, wancan dubu takwas, ga fitilu masu walƙiya kamar motar kamfen. Matashin da ya yi watanni yana tara kuɗi domin ya sa wa ɗakinsa abin sauraro yakan tsaya a gaban lamba mafi girma, ya fara ciniki daga nan. Akasarin asarar da ake yi a wannan harka daga wannan tsayuwa take farawa.

Asarar kuwa ta fi ciwo a yanzu. Kamba tana kan iyakar Najeriya da Nijar, kusa da Gaya, kuma daga Gaya gada ce kawai ta raba mutum da Malanville ta Jamhuriyar Benin. Ta ɓangaren Bagudo kuma akwai hanyar Tsamiya mai fita Segbana. Shekara da shekaru kayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano suna biyo waɗannan hanyoyi, shi ya sa har gobe ake kiran kayan hannu da suna 'yan Kwatano. Amma tun daga watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, hanyar ba ta sake zama daidai ba. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe iyakar Kamba. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe ta, har zuwa Maris ɗin 2024, ita kuma Nijar ta ci gaba da toshe gadar da ke tsakaninta da Benin, abin da ya mayar da fasinja da kaya cikin kwalekwale. A daidai wannan tsakani darajar naira ta zube: dalar da gwamnati ke sayarwa a kan kimanin naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a Fabrairun 2024. Sefa tana ɗaure ne da yuro, don haka duk abin da aka saro da sefa ya bi sahu. Kuskuren da a da ake yi a shanye, yanzu yana iya cinye ribar noman rani guda.

Ƙaryar da ke jikin kwali

Lambobin dubbai da ake bugawa a kwali yawanci suna tafe da haruffa huɗu, PMPO. Wannan ba ma'auni ba ne da wata hukuma ta tsayar da yadda ake auna shi. Kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga zai ja ido. Ma'aunin da ake iya dogara da shi shi ne wanda ake rubuta wa RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai ba tare da sautin ya dagule ba. Rikicin ya daɗe: tun a 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka a kan yadda masu ƙera amfilifaya za su riƙa bayyana ƙarfin kayansu, saboda irin wannan zuƙi-ta-malle.

Idan babu RMS a jikin kwalin, akwai lissafin da kowa zai iya yi a tsaye a gaban rumfa. A juya bayan na'urar ko cajarta a karanta abin da take sha. Cajar da aka rubuta wa 12V da 2A tana bayar da wat 24 ne, domin ana ninka lambobin biyu da juna. Na'ura ba ta fitar da ƙarfin da ya wuce wanda take sha. Saboda haka akwatin da ke aiki da irin wannan caja, ko da an rubuta masa wat 5,000, abin da ke isa ga sifikarsa bai kai wat 24 ba.

Wannan bai sa ya zama abin yarwa ba, domin ɗaki ba ya buƙatar ƙarfi mai yawa. Sifika mai kyau tana cika ɗaki mai ƙafa goma sha biyu da sauti a kan wat kaɗan. Kunnen ɗan Adam ma ba ya jin ƙari yadda lamba ke hawa: ninka wat sau biyu yana ƙara desibel uku ne kacal, ƙarin da ake ji amma ba mai yawa ba, kuma kafin mutum ya ji sauti ya ninka sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Abin da ya fi muhimmanci shi ne saurin amsawar ita kanta sifikar. Wadda aka rubuta wa 90dB tana yin ƙarar da mai 87dB ba za ta yi ba sai an ba ta ninkin wuta. A garin da ake auna wuta da cokali, wannan bambanci ya fi kowace fitila mai walƙiya daraja.

Wuta ce tambayar farko

Kebbi tana cikin jihohi huɗu da kamfanin rarraba wuta na Kaduna ke kula da su, tare da Kaduna da Sakkwato da Zamfara. Babu mazaunin ƙauyukan Dandi ko Bagudo da ke buƙatar a yi masa bayanin yadda wutar take zuwa da yadda take tafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, tayar da janareto domin a saurari labaran yamma ya zama almubazzaranci. Don haka kafin a tambayi mai rumfa wace sifika ce ta fi ƙara, ya kamata mai saye ya tambayi kansa da wace wuta zai kunna ta.

Wanda gidansa ke dogara da sola ko batir, abin da ya dace da shi na'ura ce mai shan 12V kai tsaye. Ƙananan amfilifayoyin zamani da ake kira ajin D suna mayar da mafi yawan wutar da suka sha zuwa sauti, ba su cika zafi ba, kuma ba sa buƙatar inbata, wadda ita ma tana cin nata kason. Tsofaffin manyan amfilifayoyi masu nauyi suna da daɗin sauti, amma wani babban kaso na wutarsu zafi yake zama, kuma a bazarar Kamba zafi ba abin da ake nema ƙari ba ne.

Lissafin batir ma mai sauƙi ne. Ƙaramin batir mai 12V da 7Ah, irin wanda ake samu a cikin manyan sifiku masu taya, yana ɗauke da wat 84 na awa guda. Irin wannan batir na darma yana saurin mutuwa idan ana zuƙe shi ƙarƙaf, don haka rabin abin da ke ciki ne ake ci lafiya. Idan na'urar tana shan wat 10, awa huɗu ke nan da 'yan mintoci. Wanda aka ce masa za ta kwana tana kiɗa, sai ya tambaya da wane batir. A ɓangaren batiran litiyam kuwa, 'yan dogayen nan da ake kira 18650 ba su cika wuce 3,500mAh ba ko a wurin manyan kamfanoni. Wanda aka rubuta wa 9,900 ya riga ya faɗi irin gaskiyar mai shi.

Mai amfani da wutar NEPA ko janareto kuma ya ware kuɗin stabilaiza tun kafin ya fara ciniki. Wutar da ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa ta fi kowane abu kashe waɗannan na'urori.

Me za a saurara?

Hom tiyata mai sifiku biyar da ufa guda an yi ta ne domin fina-finan da aka naɗi sautinsu ta hanyoyi shida. Abin da ke cikin memorin yawancin gidaje kuwa karatu ne, da wa'azi, da muhawarar siyasa da aka turo ta WhatsApp, da waƙoƙin zamani, da tsofaffin waƙoƙin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo waɗanda aka juyo daga kaset, akasarinsu da hanyar sauti guda. Raba irin wannan sauti ga 'yan ƙananan sifiku biyar na roba ba ya ƙara masa komai sai tarin wayoyi a bango. Kuɗin da za a kashe a kansu, idan aka zuba shi a sifiku biyu masu akwatin katako, za a ji muryar mutum sarai.

Murya kuwa ita ce ma'aunin gwaji. Masu rumfa sukan gwada kaya da kiɗa mai dukan ƙirji, domin rugugi yana ɓoye aibi. Mai saye ya je da memorinsa ko wayarsa, ya sa muryar da ya sani, a ƙarar da zai riƙa ji a gida. Idan harrufa suna fita tsaf, kalangu yana rarrabuwa da muryar mawaƙi, kuma akwatin ba ya karkarwa idan aka ɗaga ƙara, kayan sun ci jarrabawa. Ya ɗaga ƙarar har inda sautin ya fara tsagewa, ya lura da wurin. Barin amfilifaya tana aiki a wannan yanayi shi ne ke ƙona 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti.

Akwai kuma batun rediyo, wanda a bakin iyaka ya wuce nishaɗi. FM ɗin da ake haɗawa cikin sifikun Bluetooth yana kama tashoshin kusa ne kawai, kuma abin da ake watsawa ta tashar kusa ana iya tsayar da shi da takarda guda. A Agustan 2023 hukumomin sojan Nijar sun dakatar da RFI, a Disamban 2024 kuma suka dakatar da BBC na wata uku. Sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru a Maris ɗin 2025 bisa matakin gwamnatin Donald Trump, wanda wannan kam babu akwatin da zai yi maganinsa. Amma inda aka toshe tashar FM, gajeren zango yana tsallako iyaka daga nesa, kamar yadda Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, ya daɗe yana isa karkara. 'Yar rediyo mai SW da batir biyu ba ta kai kuɗin ufa ba, kuma idan tana da ramin iyafis ana iya jona ta da babbar sifika ta waya. Sai dai a nisanta ta da caja da inbata, domin suna cika gajeren zango da shuu.

Sabo ko ɗan Kwatano

Ga mai ƙaramin ƙarfi, tsofaffin sifikun Turai da Japan sukan fi sabbin da ke daidai da su a farashi, domin sifika ba ta tsufa da wuri idan ba a wulaƙanta ta ba. Amma kasuwar tana da ramuka. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu ne ke shigowa Najeriya a shekara a tsakanin 2015 da 2016, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki ba sa aiki. A tashoshin jiragen ruwan Legas aka yi wannan bincike, amma darasinsa ya shafi duk inda ake sayar da gwanjo.

Ana cire ragar gaba a duba zoben da ya kewaye takardar sifikar. Idan na soso ne kuma ya fara marmashewa, zafi da ƙurar hunturu za su ƙarasa shi. A danna takardar a hankali da yatsu. Idan aka ji tana gogar wani abu a ciki, nadin wayarta ya ƙone ko ya karkace. Batirin tocila guda ya isa gwaji: a taɓa shi da wayoyin sifikar biyu na ɗan lokaci, mai rai za ta yi ƙas ta motsa.

Amfilifaya ta hannu ta fi buƙatar ido. Wutar Najeriya 230V ce, alhali kayan da aka yi domin kasuwar Japan 100V suke sha, na Amurka kuma 120V. Jona su kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba yana nufin hayaƙi a minti na farko. Sannan a duba lambar om a bayan sifika da bayan amfilifaya. Sifiku biyu masu om 8 idan aka haɗa su a baki ɗaya sun koma om 4, masu om 4 kuma sun koma 2, nauyin da ƙananan amfilifayoyi da yawa ba sa ɗauka. Masu gyaran rediyo sun san wannan ciwo sosai, domin yana cikin abin da ke kawo masu aiki bayan kowane biki.

A nan ne kayan da ke rarrabe suka fi akwati mai komai-da-ruwanka. Idan allon Bluetooth ya mutu a ƙaramar amfilifaya, ita kaɗai za a canza, sifikun suna nan. Idan ya mutu a cikin akwatin da aka manne da gam, sau da yawa sai dai a zauna a kansa.

Kunne ma yana da haƙƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro lafiya ga babba a desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma lokacin yana raguwa da sauri idan ƙara ta hau. Maƙwabci kuma, a gidan haya mai bango ɗaya, bai sa hannu a cinikin ba.

Rasit da iyaka

Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka fito da aibi cikin wata uku da karɓarsu, ko da mai shago ya rubuta cewa kaya idan sun fita ba sa dawowa. Nisan da ke tsakanin wannan doka da rumfar kasuwa a Dandi ba ƙarami ba ne, amma rasit mai ɗauke da sunan shago da kwanan wata da lambar na'ura shi ne abin da ake kafa hujja da shi, ko a gaban shugaban 'yan kasuwa ne. Ikon dokar kuma a kan iyaka yake tsayawa. Wanda ya tsallaka Gaya ko Malanville domin rangwamen sefa kaɗan ya lissafa da kuɗin mota, da na kwalekwale, da abin da kwastam za su nema, sannan ya tuna cewa idan na'urar ta mutu bayan mako guda, mai shagon yana wata ƙasa.