Gyambon Mai Ciwon Sukari: Abin da Hoton Ƙashi Yake Nunawa

Ciwon sukari idan ya daɗe yana kashe jijiyoyin ƙafa. Manomi a Kusada sai ya taka ƙaya ko kututturen dawa, bai ji zafi ba. Wurin ya zama gyambo, ya ƙi warkewa. Daga nan ƙwayoyin cuta su bi ramin su kai ga ƙashi.

A asibiti, kamar Babban Asibitin Kankiya, likita yakan zura wani tsinken ƙarfe mai tsabta cikin gyambon. In ya taɓo abu mai tauri, to, akwai zaton cutar ta kai ƙashi. Sai ya ce a ɗauki hoto. Wani Bajamushe mai suna Rontgen ne ya gano wannan dabara a 1895.

A hoto, lafiyayyen ƙashi fari ne, gefensa sumul. Wanda cuta ta kama kuwa, gefensa yakan zaizaye, kamar icen da gara ta ci. Cikinsa ya yi duhu-duhu. Wani lokaci a ga guntun mataccen ƙashi ya ware shi kaɗai. Ƙusa ko allura tana fitowa sarai, amma ƙaya ba kasafai take fitowa ba.

Ga inda mutane da yawa suke ruɗuwa. Hoto ba ya nuna cutar da wuri. Sai ta yi kamar mako biyu ko uku tana cin ƙashi kafin a ga alama. Saboda haka in an ce hoton farko bai nuna komai ba, ba a sallami mutum ke nan ba. Likita yakan ce a dawo bayan mako biyu zuwa huɗu a sake ɗauka, a gwama da na farko. Kuɗin mota da na hoto da nauyi, gaskiya ne, balle da damina. Amma a koma. A kuma adana hoton farko, kada ya jiƙe.

In an tabbatar, magani yakan kai mako shida, wani lokaci har da aikin cire mataccen ƙashi. Idan abin ya yi zurfi, akan tura mutum Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin nan, kada a yi wa ƙafar sakiya, kada a taka ta ba takalmi.