Zinariya da Kayan Yaji: Dalilin Fitar Turawa Teku

An saba cewa faɗuwar Kustantiniyya a hannun Turkawa a shekarar 1453 ita ce ta tilasta wa Turawa neman sabuwar hanya ta teku. Wannan magana ba ta cika ba, domin kuwa kafin wannan shekara mutanen Fotugal sun riga sun yi nisa da bin gaɓar Afirka ta Yamma. Tushen al'amarin ya girmi haka.

Tun cikin ƙarni na 13 ciniki ya bunƙasa a biranen Italiya. A 1252 Fulorans da Jenowa suka soma buga kuɗin zinariya, Benis kuma ta bi sawu a 1284. To, amma zinariyar Turai ba ta isa ba. Mai yawa daga Bambuk da Bure take fitowa, ayari ya ƙetare Sahara da ita zuwa Sijilmasa da Tunis. Haka nan masoro da kirfa da kanumfari na ƙasashen Gabas, galibi sai sun bi ta Bahar Maliya zuwa Iskandariyya, inda sarakunan Masar ke karɓar kuɗin fito, sa'an nan fataken Benis su ɗora ribarsu. Watau ko ta ina aka duba, akwai dillali tsakanin Bature da bukatarsa.

Labarin hajjin Mansa Musa na 1324 ya ƙara musu kwaɗayi, har wata taswira da aka zana a tsibirin Mayorka wajen 1375 ta nuna shi riƙe da zinariya. A 1415 Fotugal ta ci birnin Sabta a Maroko, amma ayari suka sauya zango. Saboda haka Yarima Henri ya dinga tura jirage kudu, da nufin isa inda zinariyar take, da kuma neman wani sarkin Kirista da ake zato zai taya su yaƙar Musulmi. Allurar nuna arewa, wadda asalinta daga Sin ne, da ilmin taurari na Larabawa suka sauƙaƙa tafiyar.

A 1482 suka gina ganuwar Elmina a ƙasar da ake kira Ghana yanzu, a 1498 kuma Basko da Gama ya sauka Indiya. Sai dai ba zinariya kaɗai jiragen suka ɗauka ba: tun 1444 suka sauke bayi fiye da 200 a Fotugal, kuma wannan mugun ciniki ya ɗore har ƙarni huɗu.