Hannun Jarin Da Ya Cinye Ajiyar Mutanen Lafiya

Tun 1996 da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa, ma'aikata suka yawaita, bankuna suka buɗe rassa. A 2004 Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya tara jarin Naira biliyan 25. Nan fa bankuna suka bazama tallar hannun jari. Malamin makaranta ya saya, dillalan doya da riɗi suka saya. Wasu ma bashi suka ci a banki suka sayi hannun jarin wannan bankin, abin da ya kamata ya sa mai hankali ya dakata.

A watan Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Ikko ya haura 66,000. Bayan shekara guda ya faɗo wajen 20,000, domin baƙin da suka zuba kuɗi sun janye saboda rikicin tattalin arzikin Amurka. Farashi ya karye, bashi kuwa yana nan da ruwansa. A Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar. A 2011 aka soke lasisin Afribank, Spring Bank da Bank PHB, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu.

Wanda ya saya da guminsa, ya kuma raba kuɗin tsakanin banki, siminti da abinci, ya sami damar jira. Jiran kuwa ba ƙarami ba ne: sai a Agusta 2023 ma'aunin ya koma inda yake a 2008, watau shekara 15, alhali darajar Naira ta riga ta zube.