Ɗan tubalin ƙarfen da ke fitar da kan noti a garejin gida

A Amurka da Ingila akwai masu sassaƙa ƙarfe don sha'awa kawai, a garejin gida. Abin da ke yawan ba su wahala shi ne fitar da fuska shida daidai wa daida a jikin sandar ƙarfe mai zagaye, yadda sufana za ta kama. Na'urar raba kusurwa tana yi, amma akwai tsada.

Mafitarsu wani ɗan tubalin ƙarfe ne mai rami a tsakiya. A ramin ake zura kolet, wato bututu mai tsaga da ke matse sanda ta kowane gefe idan an ɗaure shi. Tubalin iri biyu ne, mai fuska huɗu da mai shida. Sai a damƙe shi a injin, a sassaƙe gefe ɗaya, a kwance, a juya. Kowane juyi digiri 90 ne ko 60, babu lissafi.

Zaɓen kolet ne ke raba gardama. Samfurin 5C na kamfanin Hardinge na Amurka yana riƙe kaurin da aka yi shi dominsa ne kawai, don haka sai an tara da yawa. ER32, daga tsarin kamfanin Rego-Fix na Suwizalan, kowanne yana iya matsewa har milimita 1, kuma suna kaiwa milimita 20. Ga mai ƙaramin aljihu, wannan ya fi.

Sai dai tubalin ba ya yafe ƙazanta. Ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya maƙale a ƙarƙashinsa, fuskar ta karkace, sufana ta ƙi shiga.