Moda: Tsiron gida da ya zama adon ofis, da yadda ake yaɗa shi a Lafiya

A ofisoshi da otel-otel na Abuja akwai wani tsiro da ido ya saba da shi. Ganyensa dogaye ne, miƙaƙƙu kamar takubba, da zane irin na fatar maciji, wasu kuma da layi ruwan ɗorawa a gefe. Masu sayar da furanni a bakin titi suna yi masa kuɗi gwargwadon tsayinsa da kyan tukunyarsa, mai saye kuwa yakan ɗauka daga ƙasar waje aka kawo shi.

Alhali ɗan gida ne. Masana tsirrai suna kiransa Dracaena trifasciata, bayan da aka sauya masa suna daga Sansevieria a 2017, kuma asalinsa yankin da ya tashi daga Najeriya zuwa Kongo. Hausawa sun daɗe da sanin danginsa da sunan moda, wadda ake cire zare daga ganyenta a tuƙa igiya da tsarkiyar baka.

Ga ma'aikacin da ke kwana Abuja daga Litinin zuwa Juma'a, iyalinsa kuma suna Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, moda ta fi yawancin tsirran ado dacewa. Tana adana ruwa a ganyenta masu kauri, kuma da dare take buɗe ƙofofin numfashinta, lokacin da zafi ya sauka, don haka ba ta asarar ruwa sosai. Mako biyu ba ban-ruwa ba ya kashe ta. Wanda ya mallaki tukunya ɗaya kuwa ba shi da dalilin sake sayen wata.

Ilimin da manomi ya riga ya sani

Yaɗa tsiro ba tare da iri ba tsohon aiki ne a ƙasar Lafiya. Manomin rogo karan yake yankawa ya binne, mai dankali yaɗon yake dasawa, mai rake ma gaɓa yake shukawa. Moda tana bin wannan ƙa'ida ta hanya biyu, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne.

Hanya ta farko ita ce rabawa. A ƙarƙashin ƙasa moda tana da saiwa mai kauri da ke tafiya a kwance kamar ta citta, daga jikinta 'ya'ya suke tsirowa. Idan tukunya ta cika, sai a zazzage tsiron gaba ɗaya, a kakkaɓe ƙasar, a sa wuƙa mai tsabta a raba saiwar, ta yadda kowane kashi zai tafi da ganye da 'yan jijiyoyinsa. A bar wurin yankan ya sha iska a inuwa kwana ɗaya, sannan a dasa.

Hanya ta biyu ita ce yankan ganye. Ana zaɓar lafiyayyen ganye a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace kimanin santimita 8 zuwa 10. Wajibi ne a yi wa ɓangaren ƙasa alama, domin gunduwar da aka dasa a juye ba za ta yi saiwa ba. A ajiye su a inuwa kwana 2 zuwa 3 har bakin yankan ya bushe, sannan a soka su cikin ƙasa zurfin santimita 2 zuwa 3. Saiwa takan fito cikin wata ɗaya zuwa biyu, sabon toho kuwa yakan ɗauki wasu watanni bayan haka.

A nan masu gaggawa suke yin asara. Nau'in da ke da layi ruwan ɗorawa, wanda aka raɗa wa suna Laurentii don tunawa da Émile Laurent, masanin tsirrai ɗan Beljiyam da ya yi bincike a Kongo, ba ya gadar da wannan layi ta hanyar yankan ganye. Tohon da zai fito kore ne zalla. Mai son adon gefen dole ya bi hanyar rabawa, maimakon ya lalata ganyen da ya saya da tsada.

Ruwa ne babban abokin gaba

Daminar Lafiya takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwan Agusta da Satumba yana da yawa. Modar da ta kwana cikin laka saiwarta ruɓewa take yi, alamar farko kuwa ita ce gindin ganye ya yi laushi ya kwanta. Saboda haka sai tukunya ta kasance da huji a ƙasa, kuma ta yumɓu ta fi ta roba domin tana tsotse danshi.

Haɗin ƙasar ba ya buƙatar kuɗi: yashin rafi kashi biyu, ƙasar lambu kashi ɗaya, da ɗan dakakken gawayi ko ƙonannen ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuyar samu a garin da ke da injinan casa kamar Lafiya. Kafin a ƙara ruwa, a soka yatsa a ji ko ƙasar ta bushe. Idan damina ta yi nisa, a janye tukwanen zuwa baranda.

Farkon damina ne lokacin da ya fi dacewa da dashe, domin akwai ɗumi da danshin iska. A hunturu tsiron yakan rage girma, ranar Maris kuma tana iya ƙona sabon dashen da aka bari a fili. Masu jiƙa gunduwa a kwalbar ruwa su riƙa sauya ruwan duk bayan kwana uku, domin sauro yana iya kammala girma a kwantaccen ruwa cikin kusan mako guda.

Abin da moda ba za ta yi ba

Ana yawan tallata ta da cewa tana tace iskar ɗaki. Maganar ta samo asali ne daga binciken hukumar NASA ta Amurka na 1989, wanda aka yi a cikin rufaffun akwatunan gwaji. Wani nazari da masana na Jami'ar Drexel suka wallafa a 2019 ya nuna sai an tara tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska daga waje ke yi. Buɗe taga ya fi. Haka kuma ganyenta yana sa amai da gudawa idan aka tauna, don haka a nisanta ta daga yara da kyanwa.

Amfaninta na gaskiya ya isa. Tana jure ƙura da ƙarancin haske da mantuwar mai gida, kuma tukunyar da aka raba a Mayun bana za ta iya ba da 'ya'yan da za a sake rabawa baɗi. Ɗaya ta zauna a tsakar gida a Lafiya, ɗaya ta bi mota ta Akwanga da Keffi zuwa teburin ofis, sauran kuma su zama kyautar da ake kai wa maƙwabta.