Inda Kanawa Ke Zuwa Kallo

Baƙon da ya sauka Kano yana cigiyar gidan wasa, da wuya a nuna masa wani gini. Za a fara tambayarsa irin kiɗan da yake so, sannan a duba watan da ake ciki, domin wasannin Kanawa lokaci suke bi, kuma galibi a bakin mutane ake jin labarinsu, ko a jiyo kalangu daga nesa a bi sawu.

Dambe ne mai matsuguni tsayayye. Da la'asar sakaliya sai a nufi filin Ado Bayero Square da ke Sabon Gari, a biya kuɗin ƙofa, a nemi benci. 'Yan wasa sun kasu Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowane ɓangare da magoya bayansa. Kafin a kai naushi ko ɗaya, makaɗi ya riga ya tsuma ɗan dambe da takensa, shi kuwa ya fito tsakar fili, hannu ɗaya naɗe da zare, yana kirari yana neman abokin karo. Turmi uku ake yi, wanda ya kai ƙasa an kashe shi ke nan. Asalin wasan na mahauta ne a lokacin kaka, kuma rabin daɗinsa na bakin mawaƙi. Da ba don mawaƙi Ɗan Anace ba, da wa zai riƙe sunan ɗan dambe Shago har yau?

In azumi ya kai kwana goma, wasan ne ke zuwa ya iske mutum a gida. Bayan shan ruwa yara 'yan tashe kan bi zaure zaure da gemun auduga da tsummokara, suna kwaikwayon malami da tsoho da mai rowa, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Gwauro kuwa ɓuya yake yi kada Nalako, mai farautar gwagware, ya kama shi.

Kiɗan ƙwarya da amada, irin wanda Barmani Coge ta yi suna da shi, na cikin gida ne, a biki ko suna, kuma namiji ba ya leƙawa. Nan babu tikiti. Liƙi ne ladan makaɗiya, maroƙiya na shelar wadda ta bayar da abin da ta bayar, abin da ke sa kishiyoyi zazzage jaka.

Gidajen silima kuwa, su Plaza da Orion da Eldorado, bayan ganuwa aka gina yawancinsu, wajen Fagge da Sabon Gari, saboda mutanen cikin birni sun daɗe suna yi musu kallon wurin 'yan iska. Palace da aka kafa a Jakara, cikin birni, ta sha suka, daga baya aka mai da ita asibiti. Tun da aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, harkar 'yan fim da mawaƙa a jihar ta koma ƙarƙashin idonta, mai shirya gala da Sallah sai ya fara neman izini.