Dalilan da ke Sa Alƙali Ya Warware Aure

Idan aka ce aure ya mutu, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne saki, ko kuwa kul'i, inda mace ke mayar da sadaki ta fanshi kanta. Akwai hanya ta uku da malaman fiƙihu ke kira fasahi: alƙali ya duba ya ga tun ranar ɗaurin aure igiyar ba ta ɗauru ba, sai ya warware ta, ko da ma'auratan suna son junansu. Kotunan shari'a na arewacin Najeriya mazhabar Malikiyya suke bi a nan, kuma littattafan da alƙalai suka fi dogara da su su ne Risala, Muhtasar na Halil da Tuhfa.

Auren da ya haɗa muharramai ta jini ko ta surukuta ɓatacce ne, haka haɗa ya da ƙanwa a lokaci guda, ko ƙara ta biyar alhali huɗu suna ɗaki. Waɗannan kowa ya san su. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne shayarwa.

A babban gida, uwa ta tafi unguwa ko ta kwanta ciwo, jariri yana tsala kuka, sai matar wan miji ta ɗauke shi ta ba shi nono. Ba wanda ya rubuta, ba wanda ya riƙe. Bayan shekara ashirin sai a haɗa yaron nan da 'yarta auren zumunci, ana murna an yi tuwona maina. A Malikiyya kuwa, ko sau ɗaya nonon ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun shayarwa, ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa. Amma shari'a ba ta rushe gida da jita-jita. Shaidar mace ɗaya ba ta isa alƙali ya raba su ba, sai dai an so su rabu don tsantseni. Maza biyu adalai sun wadatar, mata biyu kuma ana karɓar maganarsu idan zancen ya riga ya bazu kafin a ɗaura auren. A ganina hikimar a fili take: da bakin mutum ɗaya ya isa, da duk mai ƙullin zuciya ya sami makamin raba aure.

Auren da aka ɗaura wa mace cikin idda shi ma warware shi ake yi, kuma Malikiyya ta tsananta: idan har ya sadu da ita, ta haramta gare shi har abada. Auren da babu waliyyi, auren wa'adi, da auren musaya, inda kowa zai ba ɗan'uwansa 'yarsa ba sadaki, duk suna cikin jerin. Haka auren kisan wuta, wanda ake yi don a halatta mace ga wanda ya yi mata saki uku. Idan da wannan niyya sabon mijin ya shiga, auren ɓatacce ne, kuma ba ta halatta ga na farkon ba.

Aibi kuma hukuncinsa daban ne, domin auren ya ɗauru, zaɓi kawai ake bai wa wanda aka ɓoye wa. Aibobin su ne hauka, kuturta, albaras da cutar da ke hana saduwa. Sharaɗi shi ne bai sani ba kafin ɗaurin aure, bai kuma nuna yarda ba bayan ya sani. Mijin da ya kasa kusantar iyalinsa, alƙali kan ba shi shekara guda ya nemi magani kafin a ba matar zaɓi.

Idan aka warware kafin su sadu, babu sadaki. Idan an riga an sadu, sadakinta ya tabbata, za ta jira tsarkin mahaifa, 'ya'yan da aka haifa bisa rashin sani kuma na ubansu ne, suna da gado.

Masu auren rajista ko na coci kuwa, dokar shari'o'in aure ta 1970 ce ke kansu, kuma babbar kotu ce ke sauraro. Dokar ita ma ta raba gida biyu: auren da ba shi da asali, kamar na wanda ke da wani auren a kansa ko wanda aka tilasta wa, da auren da ake iya sokewa, kamar idan amarya ta shigo da cikin wani.

Mu koma kan batun shayarwa: iyaye mata, duk wadda ta shayar da ɗan wata, ta faɗa a gaban maza biyu na gidan tun yaron yana goye.